Tartsatsin Samaniya: Yadda Ake Ƙirga Abin da Ido Ba Ya Gani

Saƙon yakan shigo waya ne bayan sallar isha'i, galibi daga wata gwaggo ko wani tsohon abokin makaranta da ba ka jin ɗuriyarsa sai a irin wannan rana. Wai daga ƙarfe 12:30 na dare zuwa 3:30 wani mugun tururi daga sararin samaniya zai gifta kusa da duniya, saboda haka kowa ya kashe wayarsa, kada kuma ya kwana da ita kusa da jikinsa. Sai a jingina zancen ga NASA ko BBC, a rufe da cewa ka tura wa duk wanda kake ƙauna. Ya fi shekara goma yana yawo. Ba a sa masa kwanan wata ba, kullum "daren yau" ne, shi ya sa ba ya tsufa.

Ƙarya ce, amma wanda ya ƙaga ta ya ɗora ta a kan wani abu na gaskiya. Abin da ke zubowa daga samaniya yana nan, sai dai ba shi da ƙarfe nawa, kuma ba ruwansa da ko wayarka a kunne take ko a kashe. Shimfiɗa tafin hannunka yanzu. A kowane sakan kusan ƙwaya ɗaya daga cikin 'ya'yansa na ratsa shi ta shige ƙasa, ba ka ji ba, ba ka gani ba. Haka ta ratsa kakanka a gona, haka za ta ratsa jikanka. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka yi ɗan'adam ya san wannan adadi. Abin da ba a gani, ba a ji, ba a sansanawa, hanyar saninsa ɗaya ce: a ƙera ma'auni, a ƙirga, sannan a zauna a tuhumi ma'aunin kansa.

Tartsatsin samaniya gutsattsarin ƙwayar zarra ne, wato cibiyoyin ƙwayoyin da aka raba da ilektiron ɗinsu, suna gudu dab da gudun haske. Kusan kashi 90 cikin 100 furoton ne, cibiyar haidurojin ke nan. Kusan kashi 9 na hiliyom ne, ɗan abin da ya rage kuwa masu nauyi ne, har da ƙarfe. Akasarinsu daga nesa suke, daga cikin tarin taurarinmu, inda guguwar taurarin da suka fashe ke ingiza su har su sami wannan gudu. A 2013 na'urar hangen nesa ta Fermi ta samo shaidar haka a kufan wasu fasassun taurari biyu. Rana ma tana watso nata, marasa ƙarfi sosai, sai dai idan ta fusata takan turo su da yawan gaske.

Waɗannan baƙi ba sa isowa ƙasa da kansu. Iskar da ke samanmu nauyinta ya kai kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita, daidai da a ce ruwa mai zurfin mita 10 ne a kanmu. Da furoton ya shigo, tun yana sama da kilomita 15 yake karo da ƙwayar iska ya tarwatsa ta, gutsattsarin su ma su yi karo da wasu, har ƙwaya ɗaya ta haifi dubbai, wani lokaci miliyoyi. Wadda ta fi isowa inda muke ita ce miyuwon, mai nauyin ilektiron sau 207. Tana da abin mamaki. Rayuwarta ba ta wuce kashi 2.2 cikin miliyan na sakan ɗaya ba, wanda ko da gudun haske take yi bai kamata ta wuce mita 660 ba ta mutu. Amma ga ta tana keto kilomita 15. Dalili kuwa shi ne abin da Einstein ya faɗa tun 1905, cewa lokaci yana tafiyar hawainiya ga abin da ke gudu kusa da gudun haske.

Mutumin da ya shiga kwando

A farkon ƙarni na 20 masana suna da wata 'yar na'ura mai zarurruka biyu. Idan aka ɗura mata lantarki sai zarurrukan su ware, idan lantarkin ya tsiyaye su dawo su haɗe. Damuwar ita ce ko yaya aka killace ta sai ta tsiyaye, alamar wani abu yana ratsa iskar da ke cikinta. Aka ɗora laifin a kan duwatsu, tunda an riga an san yuraniyom da radiyom na cikin ƙasa suna fitar da tururi. Zato ne mai ma'ana, kuma rabinsa gaskiya ne. Idan kuwa haka ne, duk wanda ya yi nisa da ƙasa ya kamata ya ga abin ya ragu. A 1910 wani limamin coci Bajamushe, Theodor Wulf, ya hau hasumiyar Eiffel ta birnin Faris da na'urarsa. Ya ragu, amma bai kai yadda lissafi ya ce ba. Domenico Pacini na Italiya ya bi ta wata hanyar, ya nutsar da tasa cikin ruwa ya ga raguwa, ya ce lallai wani kaso ba daga ɓawon ƙasa yake ba.

Wanda ya raba gardama shi ne Victor Hess, ɗan Ostiriya. Ya riƙa shiga kwandon balan-balan da kansa, dare da rana, yana karanta na'urorinsa da ido. Ranar 17 ga Afrilu 1912 ya tashi lokacin husufin rana, adadin bai sauka ba, ya ce to da wuya a ce daga rana ne. Ranar 7 ga Agusta na shekarar ya tashi daga garin Aussig, wanda yanzu ke cikin ƙasar Cek, a balan-balan mai haidurojin, ya kai tsayin mita 5,300, inda sanyi da ƙarancin iska ke sa hannu rawa. A kilomita na farko adadin ya ɗan ragu kamar yadda kowa ya zata. Daga nan sai ya juya ya fara hawa, a can ƙololuwa ya ninka na ƙasa fiye da sau biyu. Werner Kolhörster ya maimaita gwajin har mita 9,300 a 1914 ya ga ya ƙara hauhawa. Sai a 1936 aka ba Hess kyautar Nobel, bayan shekara 24. A Namibiya akwai wata babbar cibiyar hangen samaniya da ta fara aiki a 2002, aka tsara sunanta ya fita H.E.S.S. don tunawa da shi.

Na ce na'urori, domin uku ya ɗauka a wannan tafiya, ba ɗaya ba. Ya san abin da za a fara cewa shi ne na'urarka ce ta lalace.

Inda muke zaune

Gardama ta gaba ita ce ko abin haske ne ko ƙwayoyi masu lantarki. Robert Millikan na Amurka, babban malami mai kyautar Nobel, ya kafe a kan haske ne. Amma a 1927 Jacob Clay ɗan Holan ya ɗauki ma'auni a jirgin ruwa tsakanin tsibirin Jaba da Turai, ya ga adadin yana raguwa idan an kusanci tsakiyar duniya. Arthur Compton ya aika ayari-ayari sassan duniya a 1932 suka tabbatar. Maganaɗisu ba ya lanƙwasa haske, amma yana karkatar da ƙwaya mai lantarki. Duniya kuwa ƙaton maganaɗisu ce. A ƙuryar arewa da ƙuryar kudu layukansa suna nutsewa cikin ƙasa, ƙwayoyi su biyo su su shigo a sauƙaƙe. A tsakiya layukan a kwance suke, sai ƙwaya mai ƙarfin gaske ke iya ketowa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ta Najeriya, saboda haka ƙasar Hausa, daga Zariya har Damagaram, tana cikin yankunan da garkuwar ta fi kauri. Maniyyacin da ya tashi daga Kano zuwa Jidda yana tafiya ne a tsayin kilomita 10 zuwa 12, inda tartsatsin ya ninka na ƙasa sau da yawa, amma duk hanyar tasa a ƙarƙashin wannan kauri take. Abin da zai kwasa a tafiyar bai wuce abin da jikinsa ke sha a gida cikin kwana biyu ko uku ba. Wanda ya bi ta saman Kanada ko Sibiriya, a kowace awa yakan sha ninkin abin da maniyyacin ke sha a awa guda, ko fiye. Ga fasinja duk wannan ba abin damuwa ba ne. Matuƙa da ma'aikatan jirgi da ke sama ɗaruruwan awoyi a shekara su ne ake sa wa ido, kuma tun 1996 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanonin jiragen sama su riƙa lissafa abin da ma'aikatansu ke sha.

Ranar da ma'auni ya yi shiru

Labarin da na fi so a wannan fanni ya faru ne a 1958. Ranar 31 ga Janairu Amurka ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko, Explorer 1, ɗauke da ma'aunin Gaiga wanda James Van Allen na Jami'ar Iowa da ɗalibansa suka haɗa. Ma'aunin Gaiga bututu ne mai iskar gas da siririyar waya a tsakiya. Duk ƙwayar da ta ratsa shi sai ya ba da ƙas guda, a ƙirga. A ƙananan wurare na zagayen tauraron, ƙirgar ta zo yadda aka zata, wajen 30 a sakan. Amma idan ya yi sama sosai, musamman ta saman Kudancin Amurka, sai ƙirgar ta koma sifiri.

Sifiri a sararin samaniya? Hankali ba zai ɗauka ba. Ko dai na'urar ta lalace, ko kuwa akwai abin da ba a fahimta ba. Explorer 1 ba shi da abin naɗar bayanai, sai ɗan abin da aka tsinta lokacin da yake wucewa ta saman tashar sauraro. Explorer 3 da aka harba ranar 26 ga Maris yana da ɗan ƙaramin rikoda, ya kawo labarin zagaye sukutum: ƙirga tana tafiya daidai, sai ta yi sama da sauri har ƙarshen abin da na'urar ke iya nunawa, sai ta faɗi sifiri na wasu mintoci, sai ta dawo ƙololuwa, sannan ta sauko daidai. Wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai rufin kwano da damina zai gane abin nan take. Yayyafi kana jin ɗigonsa ɗaya-ɗaya, har ka iya ƙirgawa. Idan aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙara ɗaya ce ta cika ɗakin, babu sauran ɗigon da za ka ware. Bututun Gaiga yana bukatar ɗan numfashi bayan kowane ƙas. Idan ƙwayoyi suka yi masa yawa ba ya samun wannan numfashi, sai na'urar ƙirga ta ga babu komai. Wani ɗalibi, Carl McIlwain, ya sa irin bututun a gaban injin ɗaukar hoton ƙashi ya ƙure masa ƙarfi, ya ga lallai sifiri yake nunawa. Ranar 1 ga Mayu Van Allen ya sanar da duniya cewa maganaɗisun duniya ya kama ƙwayoyi masu ɗimbin yawa ya tsare su, sun yi mata ɗamara.

Abin takaici ga Rashawa, sun riga kowa zuwa wurin. Sputnik 2 da suka harba a Nuwamba 1957 yana ɗauke da ma'aunin Sergei Vernov. Amma yakan wuce ta saman ƙasarsu ne a ƙasa-ƙasa, sai ya je kudancin duniya yake yin sama. Masana a Ostareliya sun naɗi siginar, Rashawa ba su ba su mabuɗin fassara ta ba, su kuma ba su miƙa abin da suka naɗa ba. Kowa ya riƙe nasa, yau ɗamarar sunan Van Allen take amsawa.

Ɗamarar biyu ce. Ta ciki tana farawa daga wajen kilomita 1,000 zuwa 12,000, cike da furoton masu ƙarfi. Ta waje daga wajen 13,000 har 60,000, akasari ilektiron, kuma ba ta da tabbas, takan kumbura ta sace gwargwadon halin da rana ke ciki. Tagwayen taurarin da NASA ta harba a Agusta 2012 don nazarinta ba su yi mako guda ba suka ga ta uku ta ɓullo, ta yi kamar mako huɗu ta ɓace. Ɗan'adam ma ya taɓa ƙirƙirar tasa da wauta. Ranar 9 ga Yuli 1962 Amurka ta fasa bam ɗin nukiliya a tsayin kilomita 400 a saman tekun Fasifik. Ilektiron ɗin da ya watsa suka maƙale a maganaɗisu suka lalata taurari da dama, har da Telstar 1 na sadarwa wanda aka harba washegari, ya yi ta tangarɗa ya mutu a farkon 1963.

Akwai kuma wani wuri da ɗamarar ciki ke saukowa har kusan kilomita 200, a saman Barazil da kudancin tekun Atlantika, saboda cibiyar maganaɗisun ta goce daga tsakiyar duniya da wajen kilomita 500. Madubin hangen nesa na Hubble yakan dakatar da aiki idan zai ratsa wurin. Taurarin Swarm na Turai, da ke auna maganaɗisun tun 2013, sun nuna raunin yana faɗaɗa, har wani ɓangarensa ya ɓullo kudu maso yammacin Afirka.

Jiki nawa ya sha?

Ƙirga ƙwayoyi daban, sanin ɓarnar da suke wa jiki daban. Cibiyar ƙarfe guda da ta ratsa tsoka takan bar layin ɓarna mai kauri a ƙwayoyin halitta, irin wanda jiki ke shan wahalar gyarawa, alhali tururin hoton ƙashi mai ƙarfi daidai da ita warwatsuwa yake yi. Shi ya sa aka yi ma'aunin da ake kira milisibat, wanda ke haɗa yawan ƙarfin da jiki ya sha da irin muguntar ƙwayar. Matsakaicin abin da mutum ke sha a shekara daga halitta, duwatsu da abinci da iska da samaniya duka, milisibat 2.4 ne, kason samaniya a ciki wajen 0.4. Ɗan sama jannatin da ya yi wata shida a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, a tsayin kilomita 400, yakan dawo da tsakanin 80 zuwa 160. NASA ta yanke wa ma'aikatanta iyakar 600 a duk tsawon aikinsu, mace da namiji. Ma'aunin da ke jikin motar Curiosity ya auna 1.8 a kowace rana a hanyar zuwa duniyar Mars, wato zuwa da dawowa kaɗai ya haura 600, ba a ma sa zaman can ba. Duk mai ce maka an kusa kai mutum Mars, tambaye shi wannan lissafi.

Kayan aunawar kala-kala ne, domin babu guda da ke ganin komai. Akwai ɗan ƙaramin baji da kowane ɗan sama jannati ke maƙalawa, mai ƙwayar gishirin litiyom a ciki. Gishirin yana adana ƙarfin da ya sha, idan aka gasa shi sai ya fitar da haske gwargwadon abin da ya tara. Irinsa ne ma'aikatan sashen hoton ƙashi ke sawa a ƙirji a asibitocinmu. Akwai wata roba da ƙwaya mai nauyi ke bari wa tabo, a jiƙa ta da sinadari tabon ya buɗe, a ƙirga da madubin ƙara girma. 'Yan Kanada sun kai wa tashar wasu kwalabe masu ruwa mai kauri a ciki, duk niyutiron ɗin da ya shiga sai ya tayar da kumfa guda, a ƙirga kumfar. Shi kansa idon mutum ma'auni ne: tun tafiyar Apollo 11 a 1969 Buzz Aldrin ya ba da labarin walƙiyar da yake gani a cikin duhu, wanda daga baya aka gane ƙwayoyi ne ke ratsa ido.

Baji a fata ba ya faɗin abin da ya isa huhu ko ɓargo. Don haka a Nuwamba 2022, da kumbon Orion ya tafi zagayen wata ba tare da mutum ba, aka zaunar da mutum-mutumi biyu masu siffar mata, Helga da Zohar, waɗanda aka yi da robar da ke kwaikwayon ƙashi da tsoka, aka cusa musu dubban ma'aunai. Zohar ta sa rigar kariya, Helga ba ta sa ba. Sakamakon farko da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa a cikin kumbo ɗaya, wani lungu ya fi wani kariya har sau huɗu lokacin ratsa ɗamarar ciki, kuma juya kumbon kawai da aka yi ya rage abin da ake sha da rabi. Wannan sani ne da ke ceton rai ba tare da an ƙara ko kilo ɗaya na ƙarfe ba. Ƙarfen ma ba kullum yake taimako ba, domin ƙwaya mai ƙarfi idan ta doki bango mai kauri takan farfashe ta watsa wa na ciki gutsattsari. Ruwa da roba, masu yawan haidurojin, sun fi. Rashawa sun taɓa jera tawul-tawul masu lema na goge jiki a bangon ɗakin kwanansu na tashar, suka auna suka ga ya rage.

Masu cewa ba a taɓa zuwa wata ba sukan kafa hujja da ɗamarar nan. Amsar tana cikin bajin da 'yan Apollo suka dawo da shi: sun ratsa ta gefen da ba ta da kauri, cikin 'yan awoyi. Sa'a kuma ta taimaka. A Agusta 1972 rana ta yi wani mugun aman wuta, tsakanin dawowar Apollo 16 a Afrilu da tashin Apollo 17 a Disamba. Da akwai mutum a kan wata a ranar, da labarin ya sha bamban.

Masu gadi a ƙasa

Rana tana da zagaye na wajen shekara 11, ta yi zafin rai ta huce. Abin da ke ruɗa mutane shi ne lokacin da ta fi zafin rai tartsatsin nesa raguwa yake yi, saboda iskarta mai maganaɗisu tana kore shi, sai dai a lokacin ne kuma ta fi yin aman bazata. Ana bibiyar wannan ne ta wata na'ura da John Simpson na Jami'ar Chicago ya ƙirƙiro a 1948: manyan bututu da aka lulluɓe da dalma, suna zaune a ɗaki suna ƙirga niyutiron dare da rana. Ba aiki ne mai armashi ba. Ta garin Hermanus a Afirka ta Kudu tun 1957 take ƙirga, ta Oulu a Finlan tun 1964. Amfaninsu yana cikin daɗewar, domin da su ake gane ko abin da ya faru yau sabo ne ko an saba. Su ne suka kama ambaliyar 23 ga Fabrairu 1956, mafi girma da aka taɓa aunawa daga ƙasa, kuma irin bayanansu ake dubawa kafin a shawarci jiragen sama su kauce wa hanyar ƙuryar arewa.

Itatuwa sun riga Simpson fara wannan aiki. Niyutiron ɗin da tartsatsi ke haifarwa idan ya doki naitirojin na iska yakan mayar da shi kabon-14, tsiro ya shaƙa, dabba ta ci. Da abu ya mutu sai shigar ta tsaya, abin da ke ciki ya riƙa raguwa da rabi duk shekara 5,730. A 2012 wata ɗaliba 'yar Japan, Fusa Miyake, ta ga kabon-14 ya yi tsalle a zoben itacen da ya tsiro a shekarar 774 zuwa 775, alamar aman rana da ya ninka duk wanda na'ura ta taɓa gani. Da wannan agogo ne kuma aka auna kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, aka ga ya kai shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. A Masar kuwa miyuwon aka ƙirga a cikin dalar Khufu, aka ga ta wani ɓangare sun fi shigowa, a 2017 aka sanar da gano wani ɓoyayyen sarari mai tsawon mita 30 ko fiye, ba a cire dutse ko ɗaya ba.

Su na'urori ma suna shan nasu. Ƙwaya ɗaya idan ta faɗa daidai inda kwamfuta ta ajiye sifiri tana iya mayar da shi ɗaya. A zaɓen Beljiyam na 2003, a unguwar Schaerbeek, wata 'yar takara ta sami ƙarin ƙuri'a 4,096 da ba a san daga inda suka fito ba. Masu bincike suka lura 4,096 daidai yake da abin da juyewar gurbi ɗaya tak a ƙwaƙwalwar kwamfuta zai haifar, kuma tartsatsin samaniya ne babban abin zargi, ko da yake ba wanda ya kama shi dumu-dumu. (Ina roƙon 'yan siyasarmu kada su ji wannan.) A sama abin kullum ne. Taurarin GPS da wayarka ke dogaro da su suna tsayin kilomita 20,200, a tsakiyar ɗamarar waje. NigComSat-1R na Najeriya, da aka harba daga Sin a Disamba 2011, yana kilomita 35,786, a gefenta. Irin waɗannan taurari faifansu na sola yana rage ƙarfi shekara bayan shekara, kuma injiniyoyi kan sa kwamfuta uku su yi lissafi ɗaya, idan guda ta saɓa a bi biyun. Tun kafin a ƙera tauraro ake lissafa abin da zai sha, daga bayanan da wasu suka auna. Ƙasar da ba ta aunawa sayen lissafin wasu take yi.

A nan ne nake ganin muna da abin yi. Akasarin tashoshin ƙirga niyutiron suna Turai da Rasha da Arewacin Amurka da Antatika. Na Afirka masu dogon tarihi a kudu suke: Hermanus da Potchefstroom da Tsumeb ta Namibiya. Yankin tsakiyar duniya, inda sai ƙwayoyi mafiya ƙarfi ke ketowa, tashoshinsa ƙalilan ne, shi ya sa ta dutsen Doi Inthanon a Tailan take da daraja a wurin masana. Mu kuwa a kan layin muke zaune. Muna da hukumar NASRDA tun 1999, da cibiyarta ta nazarin sararin iska a Anyigba, da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya inda ake da masu sanin aikin ma'aunin tururi.

Ba sai an jira babban kasafi ba kafin a fara. Akwai wani ɗan ma'aunin miyuwon mai suna CosmicWatch da aka tsara a jami'ar MIT don ɗalibai, lokacin da aka fito da shi kayan haɗa shi wajen dala 100 ne, kuma tsarin a buɗe yake ga kowa. Ita kanta wayar da ake cewa a kashe, idan aka rufe idon kyamararta da baƙin salatif, takan kama sawun ƙwayar da ta ratsa ta, har akwai wani shiri mai suna CREDO a Folan da ke tattara irin waɗannan hotuna daga wayoyin jama'a. Ɗalibin kimiyyar lissafi a Kano ko Maraɗi zai iya haɗa ma'auni biyu, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya don kada ya ƙirga sai ƙwayar da ta ratsa su tare, ya auna a gida, ya je Jos da ke sama da mita 1,200 ya sake aunawa, in da hali ya ƙarasa tsaunin Mambila ko duwatsun Bagzan na Ayar masu kaiwa mita 2,000. Zai ga adadin yana hawa kamar yadda Hess ya gani. Sai dai ya tafi da ma'aunin nauyin iska, ya kuma rubuta zafin wurin a kowane awo, domin ranar da iska ta yi nauyi miyuwon kan ragu, na'urar kuma halinta da sanyin Jos daban yake da halinta da zafin Kano a watan Afrilu.